Kwana 12 da suka kwashe masu gudun Baltimore Ravens: nazarin kakar 2021 da abin da ya biyo baya

Da safiyar 28 ga Agusta, 2021, babu ƙungiya a gasar NFL ta Amurka da ta kai Baltimore Ravens kwanciyar hankali a fannin gudu da ƙwallo. Shekara biyu a jere ita ce ta ɗaya a wannan fanni, kuma tana da matasa uku da ta raina da hannunta: J.K. Dobbins, Gus Edwards da Justice Hill. Kafin rana ta faɗi ranar 9 ga Satumba, dukansu ukun sun fita daga kakar baki ɗaya, alhali ko wasan farko ba a buga ba. Wannan rubutu bin diddigi ne na yadda abin ya faru, da matakan da ƙungiyar ta ɗauka, da kuma inda asarar ta fito daga baya, domin ba ta fito a inda mutane suka zuba ido ba.

Aikin da ake magana a kai

A ƙwallon ƙafar Amurka, ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta matsa gaba yadi 10. In ta yi, a sabunta mata damar; in ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Hanya biyu ce ta matsawa: ko kwata-bak, wato jagoran hari, ya wurga wa wani ya cafe, ko kuma ya miƙa wa ranin-bak ya rungume ta ya kutsa cikin mutane da gudu. Ranin-bak shi ne wanda ya fi kowa shan karo a filin. Kusan duk lokacin da ya ɗauki ƙwallo, ƙarshen abin shi ne ƙarti biyu ko uku su danne shi a ƙasa, wasunsu sun haura kilo 130. Shi ya sa ƙungiyoyi kan ajiye uku ko huɗu daga cikin 'yan wasa 53 da doka ta ba su damar riƙewa, kuma shi ya sa shekarun aikinsu ba su cika tsawo ba.

Akwai wata magana da ta yi ƙarfi a tsakanin masu lissafin wasan a shekarun nan, cewa ranin-bak ba abin kashe wa kuɗi ba ne, in ɗaya ya faɗi ka ɗauko wani a kasuwa ya yi maka aiki iri ɗaya. Hujjarsu ita ce ƙartin layin gaba da ke buɗe hanya da dabarar koci su ne ke samar da yadin, mai gudu bin hanya kawai yake yi. Abin da ya sami Ravens a 2021 shi ne gwaji mafi tsanani da na sani da aka taɓa yi wa wannan magana, saboda ƙungiya ce da ta gina komai nata a kan gudu, kuma aka raba ta da duk masu gudunta a lokaci guda.

Yadda gidan yake kafin abin ya faru

A 2019 Ravens ta yi gudun yadi 3,296, ta karya tarihin da New England Patriots ta kafa tun 1978. A 2020 ta sake yin 3,071. Ginshiƙin abin shi ne Lamar Jackson, kwata-bak ɗin da shi kansa ya yi gudun yadi 1,206 a 2019 da 1,005 a 2020, sai kuma tsarin da mai tsara hari Greg Roman ya ɗinka masa daidai jikinsa, a ƙarƙashin babban koci John Harbaugh.

Ya kamata a kalli yadda tsarin ke aiki a kusa, don a nan ne matsalar za ta ɓullo daga baya. Da an turo wa Lamar ƙwallo, sai ya ɗora ta a cikin ranin-bak ɗin da ke wucewa ta gefensa, amma bai sake ta ba. Hannayensu huɗu suna kan ƙwallon, suna tafiya tare taku ɗaya ko biyu, idon Lamar kuwa yana kan ɗan bayan abokan hamayya guda ɗaya da aka bari da gangan ba a tare shi ba. In ɗan bayan ya afka wa ranin-bak, Lamar ya zare ƙwallon ya fice ta gefe. In ya tsaya yana gadin Lamar, sai ya sakar wa ranin-bak ita. Duk wannan bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Mai gudun ba ya sanin ko tasa ce sai ya ji ta a jikinsa: in ya matse da wuri ya hana Lamar zarewa, in ya yi sakaci ta suɓuce ƙasa. Sabo ne ke gyara wannan, sabon da ake samu da maimaici ɗaruruwa a atisaye.

Dobbins da Edwards suna da wannan sabon. Dobbins, wanda aka ɗauko daga Jami'ar Ohio State a zagaye na biyu na zaɓen sababbin 'yan wasa na 2020, ya yi yadi 805 a shekararsa ta farko, yadi 6.0 a kowace ɗauka, ya kuma kai ƙwallo gidan abokan hamayya sau 9, abin da ake kira tacdawun mai maki shida. Edwards, haifaffen Laberiya, ba wanda ya zaɓe shi a 2018, amma ya yi sama da yadi 700 shekara uku a jere, kowace shekara aƙalla yadi 5 a ɗauka. Shi ba ya kwana-kwana, gaba kawai ya sani. Hill shi ne na uku, mai sauri, kuma yana aiki a rukunin da ke tare bugun ƙafa. Ganin haka ne ya sa a Janairun 2021 ƙungiyar ta sallami Mark Ingram, wanda ya yi mata yadi 1,018 a 2019, ba ta kashe ko ɗaya daga manyan zaɓukanta na Afrilu a kan ranin-bak ba, a watan Yuni kuma ta tsawaita wa Edwards kwantiragi da shekara biyu kan dala miliyan 10. Da wuya a samu wanda ya ga laifin wannan lissafi a lokacin.

Kwana 12

Wasan 28 ga Agusta da Washington wasan share fage ne, ba ya shiga lissafin gasa. Ravens ta ci 37 da 3, nasararta ta 20 a jere a wasannin share fage, wadda ta wuce tarihin Green Bay Packers ta zamanin Vince Lombardi. Harbaugh ya sa manyan 'yan wasansa su buga harin farko kawai don su warware jiki. A wannan harin ne Dobbins ya cafe wata gajeriyar ƙwallo, aka sare shi ta gwiwar hagu, aka fitar da shi a mota. Washegari hoton asibiti ya tabbatar da cewa jijiyar ACL, wadda ke tsakiyar gwiwa, ta tsinke. Daga baya shi da kansa ya bayyana cewa ɓarnar ta wuce haka: wata jijiyar gefen gwiwa, da guringuntsi, da naman bayan cinya duk sun yage.

Ranar 31 ga Agusta ita ce ranar da kowace ƙungiya ke rage 'yan wasanta zuwa 53. Ravens ta riƙe Edwards da Hill da wani matashi mai suna Ty'Son Williams, ta saki Nate McCrary wanda ya yi ƙoƙari a wasannin share fage, Denver kuwa ta yi wuf ta ɗauke shi. Kwana biyu bayan haka, a filin atisayen ƙungiyar da ke Owings Mills a jihar Maryland, agarar Hill ta tsinke.

Sai Alhamis, 9 ga Satumba. Saura kwana huɗu Ravens ta buga wasanta na farko. A atisaye, ba tare da wani karo ba, gwiwar Marcus Peters, ɗaya daga manyan 'yan bayan ƙungiyar, da ta Edwards suka tafi a wasa biyu da ke bin juna. Harbaugh ya tashi atisayen nan take. Dukansu ACL ce. Cikin waɗanda suka yi sansanin horo da ƙungiyar, Williams kaɗai ya rage a wannan gurbi, yaron da ba a zaɓe shi ba a 2020 bayan ya gama a Jami'ar BYU, wanda bai taɓa ɗaukar ƙwallo ko sau ɗaya a wasan gasa ba.

A nan dole a rarrabe. Raunin Dobbins yana da mai amsa tambaya: wace riba ke cikin sa babban mai gudunka a wasan da ba ya ƙara maki? A ganina kuskure ne, kuma yadda Harbaugh ya daina sa Lamar da yawancin manyan 'yan wasansa a wasannin share fage tun daga 2022 ya nuna shi ma ya sake lissafi. Amma Hill da Edwards a atisaye suka faɗi, kuma babu ƙungiyar da za ta daina atisaye. Ko da an ɓoye Dobbins a ranar, biyu cikin uku sun tafi. Haka nan ban ga adalci ba a zargin babban manaja Eric DeCosta da rashin ajiye na huɗu da na biyar. Gurbi 53 ne ake raba wa matsayi sama da ashirin. Duk ranin-bak ɗin da ka ƙara, ɗan baya ko ɗan layin gaba ka rage, kuma a wannan kakar waɗancan guraben ma sun zo sun yi ƙamfa.

Cefanen gaggawa

Kakar 2021 kaka ce ta matsin kuɗi. Saboda asarar da annobar korona ta jawo, iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi ya sauko daga dala miliyan 198.2 zuwa 182.5. Ravens ba ta da sararin sayen babban suna daga wata ƙungiya, ko da akwai mai sayarwa. Abin da ya taimake ta shi ne wata doka da ita ma korona ce ta kawo ta: an faɗaɗa rukunin 'yan atisaye zuwa mutum 16, an kuma yarda a sa tsofaffin hannu har shida a ciki. Ta wannan ƙofa aka shigo da Le'Veon Bell da Devonta Freeman a kan kuɗi kaɗan, ana duba lafiyarsu kafin a ɗaga su. Latavius Murray kuma, wanda New Orleans Saints ta sallama a makon saboda ya ƙi yarda a rage masa albashi, ya sa hannu ranar 10 ga Satumba, ya buga wasa bayan kwana uku. An ɗauko Trenton Cannon shi ma, amma bai daɗe ba.

Sunayen manya ne. Bell ya taɓa zama ɗaya daga fitattun 'yan wasan gasar a Pittsburgh kafin ya ƙaurace wa kakar 2018 kan rikicin kwantiragi. Freeman ya kai Atlanta wasan ƙarshe na Super Bowl. Murray ya taɓa haura yadi 1,000 a Oakland. Sai dai Bell da Freeman suna da shekara 29, Murray 31, kuma a wannan aiki shekarun nan tsufa ne. Babu ɗayansu da ya taɓa gudu a gefen Lamar. Bell musamman salonsa ya saɓa da tsarin: shi mai tsayawa ne a bayan layi yana jiran hanya ta buɗe, alhali tsarin Roman yana son mutum ya faɗa ramin tun kafin ya gama buɗewa.

Yadda kakar ta tafi

A wasan farko a Las Vegas, daren Litinin 13 ga Satumba, Williams ya ɓalle da gudun yadi 35 ya ci tacdawun, har aka fara cewa ga magajin Dobbins. Ravens ta sha kashi 33 da 27 a ƙarin lokaci bayan ƙwallo ta suɓuce wa Lamar sau biyu. Mako na biyu ta doke Kansas City 36 da 35 da gudun yadi 251, mako na uku mai bugun ƙafarta Justin Tucker ya ceto ta a Detroit da bugun yadi 66, mafi nisa a tarihin gasar a lokacin.

Zuwa mako na huɗu a Denver, Williams ko rigar wasa bai saka ba, kuma lafiyarsa ƙalau. Wannan shi ne abin da ya fi ɗaure wa magoya baya kai a kakar, don shi kaɗai ne mai sauran ƙafa a cikin masu gudun, kuma ya gama kakar da sama da yadi 5 a kowace ɗauka, fiye da duk tsofaffin. Amma gudu kashi ɗaya ne na aikin. Ranin-bak shi ne katangar ƙarshe tsakanin kwata-bak da ɗan bayan da ya ɓullo ba zato. Sai ya karanta wa zai zo, daga ina, ya tare shi da ƙirji. Koci zai iya haƙuri da mai gudun da ke kawo yadi 4 maimakon 5, amma ba zai iya haƙuri da wanda bai aminta zai kare masa kwata-bak ba. Harbaugh ya zaɓi gogewa. Na fahimci dalilinsa, sai dai ina ganin an yi saurin rufe wa yaron ƙofa, a ƙungiyar da ke ƙishin mai iya ɓallewa.

A wasan Denver ɗin ne aka yi abin da ya nuna yadda gudu ya zama mutuncin gidan. Ravens tana kan gaba 23 da 7, saura daƙiƙa uku, tana da yadi 97. Al'ada ita ce kwata-bak ya durƙusa a tashi. Maimakon haka Lamar ya ruga yadi 5, don ƙungiyar ta cika wasa 43 a jere tana haura yadi 100, daidai da tarihin Pittsburgh na shekarun 1970. Kocin Denver, Vic Fangio, ya fusata, ya kuma faɗi hakan a fili. Mako guda bayan nan jerin ya yanke: Indianapolis ta tsayar da su a yadi 86, Lamar ya wurga yadi 442 ya ciyo wasan 31 da 25 a ƙarin lokaci. A mako na shida aka lallasa Los Angeles Chargers 34 da 6, Murray da Bell da Freeman kowa ya ci tacdawun ɗaya. Wanda ya kalli wannan rana zai rantse an warware matsalar.

Daren Alhamis 11 ga Nuwamba a Miami ya nuna ba a warware ba. Dolphins ta jera kusan duk 'yan bayanta a bakin layi tana turo su kan Lamar wasa bayan wasa, ba ta bar kowa a can baya yana gadi ba. Wannan caca ce: in mai gudu ya tsallake layin farko, babu mai tare shi har gida. Da Dobbins ne a wurin, da wuya koci ya yi ta maimaita irin wannan. Miami ta yi ta maimaitawa ba ta ƙone ba, ta ci 22 da 10. Bayan 'yan kwanaki aka sallami Bell, da ɗauka 31 da yadi 83 kacal.

Duk da haka, a ƙarshen Nuwamba Ravens tana da nasara 8 da rashin nasara 3, tana saman rukunin AFC, ɗaya daga manyan rukunoni biyu na gasar. Daga nan ba ta sake cin wasa ba. A Pittsburgh ta faɗi 20 da 19, rauni kuma ya raba ta da babban ɗan bayanta Marlon Humphrey. Ranar 12 ga Disamba a Cleveland aka faɗo wa Lamar a idon sawu yana ƙoƙarin wurga ƙwallo, kakarsa ta ƙare a nan. Green Bay ta ci da maki ɗaya, Los Angeles Rams da maki ɗaya, Cincinnati ta yi musu kaca-kaca, Pittsburgh ta rufe da 16 da 13 a ƙarin lokaci duk da Murray ya yi yadi 150 a ranar. Aka tashi da 8 da 9, ba a shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale ba, karo na farko tun zuwan Lamar.

Ina asarar ta shiga?

In adadin yadi kaɗai aka duba, masu cewa ranin-bak abin musanya ne sun yi nasara. Ravens ta gama kakar a matsayi na uku a gasar a fannin gudu. Freeman ya yi yadi 576, Murray 501, kuma dukansu biyu ba su kai kuɗin babban ranin-bak ɗaya ba. Ƙungiyar da ta rasa masu gudunta uku ta fi ƙungiyoyi 29 gudu.

Amma a dubi abin da ke ƙarƙashi. Jimillar ta sauko daga sama da yadi 3,000 zuwa ƙasa da 2,500, alhali a 2021 ne aka ƙara wasa na 17. Freeman yana kawo 4.3 a ɗauka, Murray 4.2, inda Dobbins ke kawo 6.0, Edwards 5.0. Bambancin yadi ɗaya ko biyu kamar ba komai ba ne, amma shi ke raba damar uku da saura yadi 2 da damar uku da saura yadi 6, kuma a ta biyun kowa a filin ya san wurgawa za a yi. Wanda ya fi kowa gudu a ƙungiyar shi ne Lamar, da yadi 767 a wasa 12.

Mutane da yawa sun ce an kashe Lamar da gudu. Alƙaluma ba su nuna haka ba. Yawan ɗaukarsa a kowane wasa bai yi nisa da na shekarun baya ba. Abin da ya canza shi ne wurgawa. A 2020 ya wurga sau 376 a wasa 15, a 2021 sau 382 a wasa 12, wato daga kusan 25 a wasa zuwa kusan 32. An kayar da shi yana riƙe da ƙwallo sau 38, sama da 29 na shekarar da ta gabata, kuma abokan hamayya sun cafke masa 13, mafi yawa a rayuwarsa ta wasa zuwa lokacin. Nauyin da Dobbins da Edwards suka ajiye bai ɓace ba, kan kwata-bak ya koma, a bayan layin gaba da shi ma ya rame: an sayar da Orlando Brown ga Kansas City a Afrilu, Ronnie Stanley kuma wasa ɗaya ya buga idon sawunsa ya mayar da shi ɗakin tiyata.

Ba zan ce rashin masu gudu ne ya karya Lamar ba, don rauni irin nasa yana samun kowane kwata-bak. Ba kuma zan ɗora faɗuwar Disamba a kansu kaɗai ba. Ƙungiyar da ta rasa Peters da Humphrey ita ce ta fi kowa barin a wurga mata yadi a kakar, har Joe Burrow, kwata-bak ɗin Cincinnati, ya yi mata 525 a rana ɗaya. Abin da zan tsaya a kai shi ne, huɗu daga wasanni shida na ƙarshe da maki ɗaya ko biyu aka rasa su, na biyar da uku. A irin wannan tazara, gudu ɗaya mai tsawo ko hari ɗaya da ya cinye minti shida na agogo ya isa ya juya sakamako, kuma waɗannan biyun su ne ainihin abin da cefanen Satumba bai iya sayowa ba.

Wahalar jiran mai jinya

Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne 2022 ta fi 2021 wuyar tsarawa. A 2021 an san matsayin da ake ciki: sun tafi, a nemi wasu. A 2022 kuwa suna nan amma ba a san ranar dawowarsu ba, ba a kuma san da wace ƙafa za su dawo ba. In ka ɗauko babban ranin-bak, ka kashe kuɗi a gurbin da masu shi ke hanya. In ba ka ɗauko ba, kana jiran gawon shanu. Ravens ta bi tsakiya, ta ɗauki Mike Davis da araha, ta zaɓi Tyler Badie a zagaye na shida, sai daf da fara kaka ta ƙara da Kenyan Drake da Las Vegas ta sallama.

A watan Yuli wani ɗan jaridar gidan talabijin na NFL ya ruwaito cewa babu tabbas Dobbins zai buga wasan farko. Dobbins ya fito a Twitter ya ƙaryata shi da zafi, ya ce zai kasance a shirye. Ba ƙarya yake yi ba, abin da yake ji a ransa ya faɗa, amma gwiwa ba ta bin rai. Dokar gasar ta tilasta wa ƙungiyoyi su riƙa bayyana wanda ya yi atisaye da wanda bai yi ba, ranar ƙarshe su ce wane ba zai buga ba, wane da wuya, wane ana shakka, sannan saura minti 90 a take wasa su fitar da sunayen waɗanda ba sa ciki. Makonni biyun farko haka Dobbins ya yi su: yana atisaye, ana shakka, ranar Lahadi ba ya ciki. A mako na biyun Ravens tana gaban Miami 35 da 14 a zangon ƙarshe, lokacin da ake buƙatar mai gudu ya cinye agogo. Lamar ya yi yadi 119 shi kaɗai, sauran duka ba su haɗa 50 ba, aka sha kashi 42 da 38.

Ya dawo a mako na uku, ya buga wasa huɗu, gwiwar ta ɗaure masa a wasan New York Giants, aka sake yi masa tiyata don cire tabon naman da ya hana ta lanƙwasa. Edwards sai 23 ga Oktoba ya dawo, wata 13 bayan rauninsa, ya ci tacdawun biyu a kan Cleveland, a wasan da ya biyo baya naman cinya ya sake zaunar da shi. Ranar 11 ga Disamba a Pittsburgh Dobbins ya yi yadi 120, kuma a cikinsu akwai gudun yadi 44 da ya taƙaita labarin gaba ɗaya. Ya ga ramin, ya shige, fili ya buɗe masa fetal, sai ga shi yana jan ƙafar hagu kamar ba tasa ba, aka cim masa daga baya kafin ya kai gida. Ido da basira sun dawo, saurin bai dawo ba tukuna. Ya gama kakar da yadi 520 a wasa 8.

Wannan rashin tabbas ya bi su har wasan sili-ɗaya-ƙwale a Cincinnati a Janairun 2023. Ana kunnen doki 17 da 17, Ravens tana bakin layin gida, aka bar Tyler Huntley, mataimakin Lamar da ke buga wasan a madadinsa, ya yi tsalle da ƙwallo ta saman mutane. Aka buge ta, Sam Hubbard na Cincinnati ya ɗauka ya ruga yadi 98, aka tashi 24 da 17. Dobbins, wanda aka ba shi ɗauka 13 kawai, ya fito ya ce ya gaji da riƙe shi da ake yi, shi ya kamata a ba ƙwallon. Kocin da ya shafe wata 16 yana lallaɓa gwiwar ɗan wasa ba ya saurin yarda cewa ta warke, ɗan wasan kuma ba ya ganin dalilin lallaɓawar.

Bayan kakar, ƙungiyar ta rabu da Roman, ta kuma sauya shugaban sashen horar da ƙarfin jiki, sashen da 'yan wasanta suka ba maki mafi ƙasƙanci a ƙuri'ar jin ra'ayi ta ƙungiyar 'yan wasan NFL.

Abin da suka yi daga ƙarshe

A wasan farko na 2023 da Houston, ranar 10 ga Satumba, agarar Dobbins ta tsinke. A shekarar ƙarshe ta kwantiraginsa ke nan, shekarar da ya kamata ya nemi kuɗin da zai riƙe shi har tsufa, kuma duk wanda ya bi labarinsa tun daga Ohio State sai ya ji masa ciwo. Wannan karon gidan bai girgiza ba: Edwards ya yi yadi 810 da tacdawun 13, Hill yana nan, ga kuma Keaton Mitchell, wani da ba a zaɓa ba, yana kawo sama da yadi 8 a ɗauka, har shi ma ACL ɗinsa ta tsinke a Jacksonville a Disamba. Ravens ta sake zama ta ɗaya a gudu, ta kai wasan ƙarshe na AFC, inda ta miƙa wa masu gudunta ƙwallo sau 6 kacal, Kansas City ta cinye ta 17 da 10.

A Maris 2024 DeCosta ya yi abin da ya saɓa wa lissafin da aka san shi da shi. Ya bar Dobbins da Edwards suka tafi Los Angeles Chargers wurin Roman, ya ba fitaccen ranin-bak Derrick Henry, ɗan shekara 30, kwantiragin shekara biyu kan dala miliyan 16. Abin da ya saya a jikin Henry har da tarihin mutumin da ba ya yawan kwanciya jinya. Henry ya ɗauki ƙwallo sau 325, ya yi yadi 1,921, Lamar kuma ya wurga tacdawun 41 aka cafke masa 4 kawai. A bayan Henry akwai Hill, da Mitchell mai dawowa daga tiyata, da Rasheen Ali da aka zaɓa a zagaye na biyar. Ko waɗannan za su iya riƙe gidan in babban ya faɗi, kakar 2024 ba ta gwada ba, don Henry ya buga duk wasanni 17.